Kyauta a Bakin Dillali

Ranar da Baffa Manu ya ce ba zai ba ni 'yarsa A'i ba, bai ɗaga murya ba. Ya dai dubi ƙasa, ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya ce,

"Ba talaucinka na ƙi ba, Kaɗo. Goyon na ƙi."

Na ce, "Baffa, ai goyo sauka yake yi."

Ya ce, "Goyo zai sauka. Kunyar da ka zubar a tsakiyar kasuwa fa, wa zai kwashe maka?"

Na buɗe baki zan kare kaina, sai 'yar da nake goye da ita ta yi mini fitsari a baya. Ɗumin ya gangaro har ƙugu. Na tsaya ƙyam ina murmushi, kamar wanda aka yi wa albishir.

Kaɗo haka Fulani suke kiran Bahaushe. Sunana dai Dogo, kuma ba a yi mini ƙarya ba. In na tsaya a karar Maigatari, inda ake cinikin dabbobi, ana hango ni tun daga rumfar masu kanwa. Gajere in ya goya ɗa, maƙwabtansa kaɗai ke gani. Ni kuwa in na goya, har mutanen ƙasar Faransa da ke tsallaken iyaka sai sun ba da labari.

Da can ba dillali ba ne ni. Ayari nake bi, Gumel zuwa Damagaram, mu kai tufafi mu dawo da kanwa. Sai murar nan da ta bi gari gari bayan yaƙin Turawa ta shiga gidana, ta ɗauki matata Hannatu, ta bar mini yarinya ko yaye ba a yi mata ba. Bayan sadakar arba'in na je wurin Madugu Ubale da sandata da yarinyata. Ya dube ni, ya dube ta, ya ce,

"Dogo, ayarin nan yana ɗaukar kanwa, yana ɗaukar gishiri, har Buzu mai zazzaɓi mun taɓa ɗauka. Amma mai kukan nono, ba mu da mangalarta."

Aiki na farko ke nan ya tafi.

Na kai ta Gagarawa wurin Yaya Talatu, kamar yadda kowane namiji mai hankali yake yi. Yarinya ta ƙi cin abinci. Aka aiko mini, na ce za ta saba. Sai na lura ni ma tuwo ba ya wuce mini maƙogwaro. Kafin Juma'a ta zagayo na koma na ɗauko abata. Yaya Talatu ta raka ni har bakin gari da zagi, ta ce a danginmu ba a taɓa haihuwar namiji mai zani ba sai ni.

Na gwada ƙodago a gonakin mutane. In na sunkuya sai goyo ya zamo wuya, in na miƙe mai gona ya ce hutu nake yi. Na gwada haƙar rijiya, aka ce wa zai riƙe ta in na shiga rami. Daga ƙarshe na tattara na koma Maigatari, inda babu wanda ya san ni, don jin kunya a gaban baƙi ya fi sauƙi. Na shiga dillancin shanu, sana'ar da jarinta baki ne kawai.

To, ko nan ɗin ban tsira ba. Sauran dillalai suna sammako su tare Fulani tun a hanya, ni ina nan ina dama koko. In ciniki ya yi zafi, mai saye ya taya, na cika baki zan ce albarka, sai a ja mini gemu daga baya. In sa ya ƙwace, kowa ya bi shi a guje, ni sai dai in bi shi da addu'a. La'adar da nake samu a wata, Barau yana samunta kafin azahar.

Barau shi ne dillalin da ya fi kowa rawani da turare a karar nan, kuma shi ya raɗa mini Iya Dogo. Shi ne kuma ya kai wa Baffa Manu goro yana neman A'i.

* * *

A'i bazawara ce, mai sayar da nono a gindin tsamiyar bakin kara. Mijinta na fari ya sake ta don ba ta haihu ba. Ni ba neman aure ya fara kai ni wurinta ba, kindirmo na je saya wa yarinya. Ta dube ni tun daga ƙafa har inda wuyanta ya iya kaiwa, ta ce,

"Sauke ta, Malam. Wannan ɗaurin zanin naka ko akuya aka yi wa sai ta kai ƙara."

Ta kwance, ta gyara, ta ɗora yarinya a cinya tana ba ta da ludayi. Sannan ta ce, "Yaya sunanta?"

Nan fa aka zo wurin. 'Yar fari ce. Uba ba ya kiran sunan ɗan fari, balle ya goya shi. Goyon dole ta sa ni, amma sunan na riƙe shi gam, don shi ne ɗan guntun mutuncin da ya rage mini. Tun da uwarta ta rasu ban taɓa furta shi ba. Kaya nake ce mata. Duk Maigatari ma Kaya suka sani.

Na ce, "Ba na iya faɗa."

A'i ta yi dariya. "Ka iya goyo, ba ka iya suna ba? To kwatanta mini."

Na ce, "Abin da ake ba mutum bai biya ba."

"Bashi?"

"Haba, wa zai sa wa 'yarsa Bashi?"

"Dillali zai iya. Sadaka?"

"A'a."

"Gyara?"

"Ke dai Allah ya shirye ki. Mun daɗe ba mu samu haihuwa ba, da ta zo sai uwarta ta ce Allah ne ya yi mata..."

Sai A'i ta daina dariya. Ta sunkuya ta raɗa wa yarinya wani abu a kunne, ta ɗago ta dube ni. Na gyaɗa kai. Tun daga ranar, duk Alhamis sai na ajiye mata Kaya ta sha nono, ni kuma in tsaya ina duban tsamiya kamar ban taɓa ganin itace ba.

Bayan Baffa Manu ya kore ni, A'i ta yi kwanaki ba ta ci ba ta sha ba, har uwarta ta sa baki. Sai tsohon ya aiko a gaya mini zai kawo bijiminsa kara ranar Alhamis. Ni zai ba igiyar, ba Barau ba. In na sayar da shi da daraja, na tsaya kamar namiji, babu goyo babu zani, zai sake duba maganata. In ya ga yarinya a bayana, Barau ya turo magabatansa.

Ranar Laraba da hantsi na tare A'i a hanyar rugarsu. Ta sauke ƙwarya, idanunta sun kumbura.

Na ce, "A'i, na yi tunani. Zan mayar da ita Gagarawa."

Ta ce, "Ka ce me?"

"Wurin Yaya Talatu. Sarkin Kara ma ya yi mini kashedi, ya ce kara ba ɗakin mai jego ba ce. In na kai ta, na samu aikina, na samu ke. Kowa ya huta."

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kowa ya huta? Ita ma ta huta?"

"Za ta saba."

"Kai ka saba, wancan karon?"



Ta ce, "Malam Dogo, kana tsammanin don tsawonka nake son ka? Tsawon me? In inuwa nake nema ga giginya nan birjik. Shekara nawa na yi a gidan miji ana nuna ni da baki, ana cewa ga wadda bayanta bai san ɗumin ɗa ba. Sai na ga namiji, ƙato, kasuwa tana yi masa dariya, shi kuwa yana tafe yana jijjiga. Na ce wannan ko me ya same ni ba zai yar da ni ba. Yanzu kuma ka zo kana gaya mini ka iya yarwa?"

Na ce, "Don ke ne fa."

"Kada ka ɗora mini! Ni 'yar fari ce, Dogo. Tun da aka haife ni Baffa bai taɓa kiran sunana ba. Ke, wance, waccan. Na san yana so na, amma a bakin mutane nake jin labari. In ka kai yarinyar nan Gagarawa, ka zauna can kai ma. Wallahi gara in auri Barau da turarensa, in mutu da ciwon kai."

Ta fashe da kuka sosai. Ni ma na ji nawa yana tahowa, na shirya masa, na gyara fuska. Sai Kaya ta zura mini yatsa a hanci. Haka aka yi kukan nan, A'i tana yi da ido, ni ina yi da atishawa.

Na ce, "To gobe fa? Ina zan kai ta?"

Ta ɗauki ƙwaryarta. "Ni ba zan iya karɓarta ba, Baffa zai zauna kusa da tsamiya. Kai ne dillali. Ka san yadda ake ɓoye aibin dabba."

* * *

Na yi niyyar barin ta wurin tsohuwar da nake haya a gidanta. Da gari ya waye sai na tarar tsohuwa ta tafi bikin suna garin Sule Tankarkar. Na bi gida gida, kowace mace ta ɗaura tallarta za ta kasuwa.

Sai na goya ta, na zura babbar riga a kai.

Baffa Manu yana tsaye da bijiminsa, fari tas, ƙahonsa kamar an buɗe hannu ana addu'a. Ya miƙo mini igiya, ya tsaya yana duban bayana.

"Kaɗo, yaushe ka yi doro?"

Na ce, "Gado ne, Baffa. Yana zuwa yana tafiya."

Doro ya yi motsi. Na yi tari don in rufe. Tsohon ya tafi gindin tsamiya ya zauna.

Na lallaɓa bayan wani tarin harawa, na sauke ta, na ɗaura mata zani a ƙugu, na ɗaure ɗaya bakin a turke kamar 'yar akuya. Na ba ta guntun ƙuli-ƙuli, na ce, "Kaya, don girman Allah, yau kaɗai."

Na dawo na kama igiya. Rabona da in tsaya a kara bayana babu nauyi har na manta. Na ji ni sakayau. Na yi ta zuba kirari, na ce bijimin nan ko Sarkin Damagaram ya gan shi sai ya sauko daga doki. Mutane suka taru. Aka taya, na ce albarka. Aka ƙara, na ce albarka. Na hango Baffa Manu yana gyaɗa kai. Na ce a raina, Dogo, yau ka yi aure.

Sai ga Barau ya ratso taro da wani mahauci daga Gumel, Haladu, mai wuya kamar turmi.

Barau ya ce, "Iya Dogo, yau ina 'yar taki? Ko an yaye ku tare?"

Aka yi dariya. Na ƙyale shi.

Haladu ya zagaya sa, ya daddanna, ya ce, "Dillali, bar wahalar da mu. Faɗi gaskiyar abin da za ka sallama shi, kowa ya ji."

 Na ɗaga kai don in yanka kuɗi mai nauyi. Tsawon nan nawa kuwa, shi ya sa na ga abin da babu wanda ya gani.

Can bayan taro, zani yana kwance a ƙasa, babu kowa a ciki. Gaba kaɗan an kwanto wani garke za a shigo da shi, shanu suna turereniya. Ga 'yata a tsakiyar hanyarsu, tana tafe dagwai-dagwai, tana miƙa wa na gaba ƙuli-ƙuli.

Ban yi shawara da kowa ba. Bakina ne ya buɗe da kansa.

"Kyauta! Kyauta!"

Na cusa igiya a hannun wanda ya fi kusa, na tsallake wata tunkiya da mai ita, na faɗa cikin garke. Na sha ƙaho a haƙarƙari, na sha kofato a ƙafa. Na dai sure ta. Ko kuka ba ta yi ba, haushinta ɗaya ƙuli-ƙulinta ya faɗi.

Da na dawo ina ɗingishi, sai na tarar Haladu yana riƙe da igiya yana ta sa mini albarka.

"Na karɓa! Allah ya saka da alheri! Jama'a kun ji da kunnenku, har sau biyu ya faɗa!"

Barau ya ce, "Mun ji. Ya ce kyauta, ya kuma damƙa igiya. Bakin dillali bakin mai kaya ne."

Na juya. Baffa Manu yana tsaye a bayana. Ya dubi bijiminsa a hannun mahauci, ya dubi doron da ya koma yarinya a kafaɗata.

* * *

Aka kai mu gaban Sarkin Kara, a rumfarsa. Duk wanda ya zo sayen akuya ranar nan ya fasa, ya zo kallo.

Sarki ya ce, "Dogo, an tambaye ka kuɗin sa, ka ce kyauta?"

"Na faɗa, ranka ya daɗe."

"Ka miƙa igiya?"

"Na miƙa."

"To me ya rage?"

Abin da ya rage na san shi. In na yi shiru, bijimi ya tafi tukunyar Gumel, dillanci ya ƙare, A'i ta tafi. In na yi magana, zan tsaya gaban Baffa Manu da Fulanin da suka cika rumfa in ce na kira sunan 'yar farina da ƙarfi a tsakiyar kasuwa. Goyo kaɗai ya sa ya ƙi ni. Wannan kuwa ko a tatsuniya ba su taɓa ji ba.

Na dubi yarinya. Tana tsotsar gefen rigata.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba da mahauci nake ba. Sunan 'yata ke nan. Shanu za su taka ta, na kira ta."

Rumfa ta ɗauki salati. Wani tsohon Bafillace ya ja rawani ya rufe bakinsa. Baffa Manu ya runtse ido kamar an watsa masa yaji.

Barau ya yi tsalle. "Ƙarya ne! Duk garin nan wa bai san sunanta Kaya ba? Yanzu ya ƙirƙira! In gaskiya ne a ajiye ta, ya kira mu gani."

Sarki ya ce a ajiye ta. Aka ajiye ta a tsakiyar fili, na ja da baya, na durƙusa.

Na ce, "Kyauta."

Ta dubi wata akuya.

Na ƙara murya. "Kyauta, zo."

Ta tsuguna ta ɗebi ƙasa ta fara ci.

 Ina za ta sani? Ban taɓa kiran ta da shi ba, ɗazu ma ba amsawa ta yi ba, sure ta na yi. Cikin ruɗewa na ce, "Ke Kaya, tofar!" Sai ta waiwayo ta yi mini dariya da haƙora huɗu.

Kara ta kece da dariya. Haladu ya fara jan bijimi, yana cewa shi fa tun ɗazu ya gama rarraba shi a zuciyarsa. Barau ya gyara rawani, ya matsa kusa da Baffa Manu har da ɗan rusunawa.

Sai wata murya ta fito daga bayan maza, a hankali.

"Kyauta."

Yarinya ta saki ƙasar da ke hannunta.

"Kyauta, taho ki sha."

Mutane suka dare. A'i ce, ƙwarya a ka, hawaye har haɓa. 'Yar Fulani, a gaban ubanta, a gaban maza, a rumfar shari'a. 'Yata ta miƙe, ta ratsa ta tsakanin ƙafafun Barau, ta tafi da gudunta na 'yan kaji, ta rungume ƙafar A'i tana cewa, "Nono! Nono!"

A'i ta sauke ƙwarya, ta ɗauke ta, ta juya ta a baya, ta ɗaure da mayafinta. Ɗauri ɗaya. Ni wata da watanni ina fama ban iya shi ba.

Sarkin Kara ya yi gyaran murya. "Haladu, mayar da igiya."

"Ranka ya daɗe, ko ƙafa ɗaya..."

"Mayar."

Ya juyo kaina. "Kai kuma, daga yau in za ka kira 'yarka a karata, ka fara ajiye igiyar mutane a ƙasa."

Baffa Manu ya karɓi sansa. Bai dubi Barau ba, bai dubi A'i ba. Ya zo ya tsaya a gabana, ya daɗe yana kallon jinin da ke ƙafata.

Ya ce, "Garken nan ka shiga?"

"Na shiga, Baffa."

"Da ka tsaya jin kunya fa?"

 Bai jira amsa ba. Ya ce, "Ba ka da kunya, Kaɗo. Ko kaɗan."

"Haka ne, Baffa."

"Mutum irinka bai kamata a bar shi babu mace a gida ba. Zai ƙarar da mutuncin garin nan."

Ya ja sa ya yi gaba. Na tsaya ina juya maganar, ban san ko zagi ba ne ko sadaki. Ya yi 'yar tafiya, ya tsaya. A'i tana can nesa ta ba mu baya, tana jijjiga goyo, ba ta san ya tashi ba. Na ga tsohon ya buɗe baki wajenta. Leɓensa ya motsa. Ya rufe. Ya sake buɗewa, abin ya ƙi fita.

Sai ya waiwayo, ya harare ni kamar ni na ɗaure masa harshe.

"Kai, kira mini waccan mu tafi. Kai bakinka ya saba."

Na ce, "Da sunanta, Baffa? A gabanka?"

Ya juya mini ƙeya. "Ni kurma ne yau."

Na duba hannuna na tabbata babu igiyar kowa a ciki. Sannan na cika ƙirji, haƙarƙarin da ya sha ƙaho yana ƙara, na kira ta yadda har mutanen ƙasar Faransa sai da suka ji.

Su biyu suka waiwayo.